Bawul Mai Ƙwallo da Hikimar da Ke Cikinsa

Daga cikin kayayyakin da ake haɗa aikin ruwan gida da su, tun daga tankin da ke bisa har zuwa famfon da ke tsakar gida, babu wanda ake nema da gaggawa ranar da bututu ya fashe, kuma babu wanda ake mantawa da shi sauran ranaku, kamar ɗan bawul ɗin nan mai jan mariƙi ko shuɗi, wanda masu gyaran famfo kan ɗaura a gindin tanki ko a bakin bututun da ke shigo da ruwa gida. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba idan aka gwada shi da na tanki ko na injin jan ruwa, amma kuwa shi ne mai ikon tsayar da ruwan gida baki ɗaya da juyi guda wanda bai wuce rubu'in da'ira ba. Tun da yake galibin mutane bayansa kaɗai suka sani, ya kyautu mu leƙa cikinsa, domin wanda ya san yadda aka ƙera abu shi ne ya san haƙƙinsa.

Siffarsa

Asalin al'amarin ba shi da wuyar fahimta. A cikin gangar bawul ɗin akwai wani ƙwallo na ƙarfe, mulmulalle, mai sheƙi, wanda aka huda shi daga wannan gefe zuwa wancan kamar ƙwayar carbi. Idan hujin ya fuskanci bututu sai ruwa ya ratsa ya wuce abinsa, idan kuwa aka juya ƙwallon har hujin ya gitta, sai ruwa ya tarar da bayan ƙwallon ya tare masa hanya. A saman ƙwallon an yi wata 'yar tsaga wadda gindin wata gajeriyar sanda yake shiga, ita kuwa sandar ta ɓullo waje ta wuyan bawul, aka ɗora mata mariƙi aka ɗaure da noti. Da yake an daidaita mariƙin da hujin, mutum yana iya sanin halin da bawul yake ciki ko daga nesa, ko da lalube cikin duhu: in mariƙi ya miƙe bisa tsawon bututu, a buɗe yake, in ya gitta, a rufe yake. Wannan kuwa fa'ida ce da tsohon bawul mai sitiyari ba shi da ita, wanda sai an yi ta murɗawa sau da yawa kafin ya rufe, sa'an nan ba mai iya shaida ko a buɗe yake ko a rufe sai ya kama ya gwada. Kada kuma a gama shi da mai balan-balan ɗin nan na cikin tanki, wanda ke tsayar da ruwa da kansa in tanki ya cika. Wancan wata na'ura ce dabam, da aikinta dabam.

Sai dai ƙwallon, duk da cewa da shi aka san bawul ɗin, ba shi ne yake hana yoyo ba. Wanda ya sami tsohon bawul ya kwance shi da sifana, zai ga waɗansu zobba guda biyu farare, masu sulɓi, ɗaya a gaban ƙwallon ɗaya a bayansa, kowanne an kwarɓe fuskarsa daidai da zagayen ƙwallon har ya kwanta a ciki ɗas, ba sako-sako. Tsakanin waɗannan zobba biyu ƙwallon yake juyawa, ba ya taɓa ƙarfen ganga ko kaɗan, kuma siririn layin nan da zobe ya haɗu da ƙwallo shi ne iyakar abin da ya raba ruwa da waje. Tarihin wannan bawul, da dalilin jinkirin bayyanarsa, da musabbabin lalacewarsa, duka suna komawa ga waɗannan zobba.

Mas'alar da ta daɗe

Tunanin a huda wani abu a sa shi cikin bututu a riƙa juyawa, tsoho ne ƙwarai. A kufan birnin Pompei na ƙasar Italiya, wanda toka ta binne a shekara ta 79 Miladiyya, an tono famfunan tagulla na Rumawa a jikin bututan dalma, kowanne da toshiyarsa hudajjiya wadda ake juyawa a buɗe ruwa ko a rufe. Malaman handasa na Musulunci kuma sun zurfafa cikin wannan fanni. 'Ya'yan Musa ɗan Shakir su uku, Muhammadu da Ahmadu da Hasan, waɗanda suka tashi a Bagadaza a ƙarƙashin kulawar halifa Ma'amun, sun wallafa Kitabul Hiyal wajen shekara ta 850, inda suka bayyana na'urori kimanin ɗari, da yawa daga cikinsu suna aiki da toshiya mai faɗi a sama tsukakkiya a ƙasa. Bayansu da ƙarni uku da rabi, Isma'ilu ɗan Razzazu Al-Jazari, wanda ya yi wa sarakunan Diyarbakir hidima, ya kammala littafinsa a shekara ta 1206, cikinsa har da na'urorin zuba ruwan alwala, kuma ya yi bayanin yadda ake goga toshiya da mazauninta tare, da garin dutsen wasawa a tsakaninsu, har sai sun ci juna sun daidaita yadda ruwa ba zai sami kafar zurara ba.

Duk da wannan ƙwazo, akwai wata mas'ala da ta gagari magabata, wato idan ƙarfe ya zauna bisa ƙarfe, matsin da zai isa ya tsare ruwa shi ne zai hana juyawa, sassaucin da zai bari a juya kuwa shi ne zai bar ruwa ya ɗiga, ga shi kuma kowane juyi yana cin fuskokin biyu. An yi ta neman mafita da maiko, da fata, daga baya da roba, amma roba takan kumbura cikin mai, ta lalace da zafi, ta kuma yage idan bakin huji ya bi ta kanta. Saboda haka, ko da yake tun cikin ƙarni na 19 waɗansu maƙera suka gwada toshiya mai siffar ƙwallo, abin bai karɓu ba, domin abin da za a zaunar da ƙwallon a kai bai zo duniya ba tukuna.

Zuwansa kuwa ba da nema ba ne. Ranar 6 ga Afrilu, 1938, wani matashin masanin kimiyyar haɗa sinadarai mai suna Roy Plunkett, yana aiki a kamfanin DuPont a jihar New Jersey ta Amurka a kan iskar da ake sa wa firiji, ya buɗe wata tukunyar iska bai ga komai ya fito ba, alhali sikeli yana nuna cewa a cike take. Da aka yanka tukunyar sai aka iske iskar ta daskare ta koma wani farin gari mai sulɓi. Wannan shi ne sinadarin da ake taƙaita sunansa da haruffan PTFE, wanda aka yi wa rajista da sunan Teflon a shekara ta 1945, bayan an yi amfani da shi a asirce lokacin Yaƙin Duniya na Biyu wajen toshe mahaɗan bututan aikin bam ɗin nukiliya, inda iskar da ke bi ta ciki take cinye kusan duk abin da ta taɓa. Siffofinsa sun zo daidai da bukata kamar an auna: ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 327, da wuya a sami sinadarin da yake cinsa, yana da taushin da zai bi siffar ƙwallo, yana kuma da sulɓin da ba ya bukatar maiko. Cikin shekarun 1950 kamfanoni suka soma zaunar da ƙwallo a kan zobban wannan sinadari, daga cikinsu har da Jamesbury, wanda Howard Freeman ya kafa a birnin Worcester na jihar Massachusetts a 1954, daga nan kuwa bawul ɗin ya bazu cikin masana'antu da jiragen ruwa har ya iso gidaje. Farin tef ɗin nan da mai gyaran famfo yake naɗawa a bakin bututu kafin ya murɗa, da abin da aka shafe cikin tukwanen suya don kada abinci ya kama, duk sinadari ɗaya ne da waɗannan zobba.

Akwai wata dabara kuma da ta cancanci a tsaya a kanta. A bawul na gida ba a kafe ƙwallon ba. Sanda tana juya shi kawai, amma tsagar nan ta samansa tana ba shi damar ɗan motsawa gaba in yana rufe. Sa'ad da ruwa ya taso ya dunguri bayansa, sai ya tura shi ya danna shi bisa zoben da ke ɗaya gefen, ta yadda ƙaruwar ƙarfin ruwa ita ce ƙaruwar matsewa, ruwan da ke neman fita shi da kansa yake taya rufe wa kansa hanya. Amma a manyan bututan mai da na gas, irin na Ajaokuta zuwa Kano mai faɗin inci 40, nauyin turin ya fi ƙarfin zobe, don haka a irin waɗannan akan kafe ƙwallon sama da ƙasa, a sa zobban ne su riƙa matsowa gare shi da taimakon sifirin.

Yadda ake ƙera shi

Galibin na gida da tagulla ake yin su, wato gaurayen jan ƙarfe da tutiya, jan ƙarfen kimanin kashi 58 zuwa 60 cikin 100. Akan yanka sandar tagulla gunduwa-gunduwa, a gasa ta har zafi ya kai wajen digiri 700, sa'an nan wani babban inji ya danna ta cikin mazubi ta fito da siffar ganga a bugu ɗaya. Wannan ya fi narkarwa a zuba ƙarko, domin zubi yakan bar ƙananan kofofin iska a cikin ƙarfe, matsi kuwa cure shi yake yi. Daga nan sai injin gurza ya rarake ciki, ya yi gurbin zobba, ya yanka haƙoran da bututu zai murɗu a ciki. Ƙwallon shi ya fi kome bukatar tsanaki: a gurza shi, a huda, a tsaga, a goge har mutum ya ga fuskarsa a jiki, kana a lulluɓe shi da wani siririn rufi na ƙarfen kurom mai tauri, domin kowane kurji da ya rage a jikinsa zai riƙa yankan zobe duk juyi. Su kuwa zobba, da yake sinadarinsu ko ya narke ba ya kwarara balle a zuba shi, sai a danne garinsa cikin mazubi, a gasa shi har ya haɗe, sa'an nan a gurza.

Wajen haɗawa akwai wata ƙa'ida ta kiyaye rai: ta cikin ganga ake zura sanda, ba ta waje ba, kuma an yi mata kafaɗa a gindi wadda ta fi ƙofar wuyan faɗi, domin ko noti ya kwance, ƙarfin ruwa ko na gas ba zai iya harbo ta waje ba. Bayan sanda sai zobe na farko, sai ƙwallo, sai zobe na biyu, sai a murɗa murfin gefe da gam har ya matse su duka gwargwadon awo. A masana'antun kirki ba a sa bawul cikin kwali sai an hura masa iska mai ƙarfi an tabbata ba ta fita ta ko'ina. Garin Lumezzane da ke kusa da Brescia a Italiya, da Yuhuan a lardin Zhejiang na ƙasar Sin, suna daga cikin wuraren da suka yi suna a wannan sana'a.

Tagulla tana da aibi biyu da ya kamata a sani. Na farko, an saba zuba mata dalma kaɗan, kimanin kashi 2 cikin 100, don ta yi sauƙin gurzawa, dalma kuwa guba ce wadda mutanenmu suka san sharrinta tun musibar da ta auka wa yara a Zamfara a 2010. Ko da yake abin da ke fita daga bawul guda ɗan kaɗan ne, Amurka ta kafa doka wadda ta soma aiki a Janairun 2014, cewa kada dalmar da ke fuskar da ruwan sha yake taɓawa ta wuce kashi 0.25 cikin 100. Na biyu, akwai ruwan da yake tsotse tutiya daga tagulla sannu a hankali, ya bar jan ƙarfe mai rauni wanda kan tsage ba zato, alamarsa kuwa farin gari a bayan ganga da jajayen tabo. A inda ruwa yake da wannan hali akan koma ga tagullar da aka gyara don jure shi, ko ƙarfen nan da ba ya tsatsa, ko kuwa na roba irin ta PVC, wanda ya fi araha, ba ya tsatsa, amma ba ya son ruwan zafi, rana kuma takan busar da mariƙinsa har ya karye a hannu.

Abin da mai saye zai duba

Duk wanda ya shiga shagon kayan famfo, kafin ya yi ciniki, ya ɗauki bawul ya buɗe shi ya ɗaga ga haske ya leƙa. A wani zai ga hujin ya yi daidai da faɗin bakin, haske ya cika shi fal. A wani kuwa zai ga da'irar haske ta tsuke, gefen ƙwallo ya leƙo kewaye da ita. Bambancin ba ƙarami ba ne kamar yadda ido yake gani, gama idan bawul na inci ɗaya yana da huji na kashi uku cikin huɗu na inci, sararin da ruwa zai bi bai fi rabi da kaɗan ba, wato kimanin kashi 56 cikin 100. A gidan da ruwansa daga tanki yake gangarowa ba tare da injin turi ba, wannan tsukewa tana iya zama dalilin da famfon banɗaki yake zuba kamar ba ya so. Sa'an nan ya jinjina shi a hannu, domin mara nauyi sirantar bango yake nunawa. Ya juya mariƙi ya ji ko yana tafiya sumul da ɗan tauri iri ɗaya daga farko har ƙarshe, ba kakkamawa ba lako-lako. Rubutun da ke jikin ganga shi ma magana yake yi: DN15 rabin inci ne, DN20 kashi uku cikin huɗu, DN25 inci ɗaya, PN25 kuwa yana nufin zai jure matsin da ya kai na ruwa mai tsayin mita 250 in ba zafi. Na gas ɗin girki dabam ake ƙera shi kuma dabam ake gwada shi, galibi da mariƙi rawaya, bai halatta a musanya shi da na ruwa ba.

Abubuwan da ke kashe shi

Na farko shi ne barinsa rabi a buɗe don a rage ƙarfin ruwa. In aka yi haka, wani ɓangaren zobe yakan rasa ƙwallon da zai jingina, ruwa kuma ya riƙa kutsawa ta tsukakkiyar kafa da gudu yana zaizayar gefensa. Sinadarin zoben kuwa, saɓanin roba, in ya lotsa ba ya tasowa, in ya kurje ba ya warkewa. Wanda ya kwance irin wannan bawul zai ga wani ɗan kwari ya ratsa farin zoben daga ciki zuwa waje, siriri ƙwarai, sai an sa farce ake jinsa, amma ta nan ruwa zai yi ta ɗiga kome ƙarfin da aka sa wajen rufewa. Rage ruwa aikin famfo ne. Wannan bawul hali biyu kaɗai gare shi, ko buɗewa sarai ko rufewa ruf.

Na biyu shi ne rufe shi da fizga. Ruwan da ke gudu cikin dogon bututu yana da nauyi, in aka tsayar da shi farat ɗaya sai nauyin nan ya daki ƙwallo ya koma da baya yana girgiza bututu, shi ne ƙarar nan da akan ji cikin bango. Masanin Rasha Nikolai Zhukovsky, bayan gwaje-gwajen da ya yi a bututan ruwan birnin Mosko, ya fitar da lissafin wannan bugu a 1898, kuma bisa ga lissafinsa, ruwan da ke tafiyar mita ɗaya a daƙiƙa, in aka tsayar da shi nan take cikin bututun ƙarfe, matsin da zai ƙaru ya haura na ruwa mai tsayin mita 100. A bututun roba abin bai kai haka ba, amma ya isa ya ɓalle mahaɗin da gam ɗinsa bai kama sosai ba. Haɗarin ya fi yawa a layin da inji yake turawa, kamar daga rijiyar burtsatse zuwa tanki. Maganinsa kuwa kyauta ne: a juya mariƙi a hankali.

Na uku yashi ne, wanda ruwan burtsatse ba ya rasawa, musamman sabuwa. Ƙwaya guda in ta maƙale tsakanin ƙwallo da zobe, kowane juyi sai ta ja layi. Saboda haka a wanke bututu kafin a ɗaura bawul, a sa mataci a gabansa, a kuma kula kada gam ɗin PVC ya zurara cikinsa. Na huɗu zaman banza ne, domin bawul ɗin da ya shekara ba a taɓa shi ba, farin gishirin ruwa yakan taru a jikin ƙwallon har ya ƙage, ranar bukata kuma a sa ƙarfi mariƙi ya lanƙwashe ko sanda ta karye. Rufewa da buɗewa sau biyu ko uku duk bayan 'yan watanni ya wadatar. Wajen ɗaurawa ma akwai ladabi: a kama gangar da sifana ta gefen da ake murɗa bututu, gama in aka kama ɗaya gefen, murfin da aka matse a masana'anta yana iya sassautawa. In kuwa yoyon ta wuyan sanda yake fitowa, a waɗansu akwai wani noti ƙarƙashin mariƙi wanda ƙara masa ɗauri kaɗan yakan tsayar da shi.

Abin da ya rage shi ne tadbirin inda za a sa shi, wanda ya fi kyau a yi shawararsa tun ana aza bututu, kafin a rufe da siminti. Ɗaya a mafitar tanki, ɗaya a mashigar gida, sa'an nan ɗaya a kan kowane reshe, na madafa da na banɗaki da na sashen baƙi, kowanne a inda hannu zai kai kuma mariƙi ya sami sararin juyawa, domin a iya gyara sashe guda ba tare da an hana sauran gida ruwa ba. Shari'a ta hana almubazzaranci da ruwa ko a wajen alwala, balle tanki guda da aka ƙona mai aka cika ya tsiyaye a ƙasa cikin dare saboda ba wanda ya san inda ake rufewa sai maigida, shi kuwa ya yi tafiya. Don haka wajibi ne a nuna wa uwargida da manyan yara da mai gadi inda kowane bawul yake da sashen da yake rufewa, a kuma sa kowannensu ya juya shi da hannunsa ko sau ɗaya ne tun ana zaune lafiya.